Ƙwayoyin da Na Ba Shamsiya da Hannuna

Sunana Rabi, a Kona nake aure, ta wajen Tasawa. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, shi ya sa nake iya rubuta wannan da kaina. Labarin ciwon kan ɗiyata Shamsiya ne, ta uku a ƴaƴana, wanda muka yi kusan shekara biyu muna jinya, har yau kuma ba mu gama ba. A cikin wahalar da yarinyar nan ta sha akwai wadda ni na jawo mata, ina ganin taimakon ta nake. Ina so wata uwar ta ji kafin ta yi irin abin da na yi.

Ya fara ne bayan yankan hatsi, tana aji shida, shekararta goma sha biyu. Wata Talata ta dawo daga lakwal tun rana ba ta yi tsaka ba, ta dafe gefen kanta na hagu, ido ɗaya a rufe. Ina bakin murhu ina tuyar ƙuli na ce, "Ke, mi ya same ki?" Ta zagaya bayan ɗaki ta yi amai. Na ɗauka masassara ce. Muka je dispanser, ƙaramin asibitinmu, majo mai duba marasa lafiya ya soki yatsarta ya ce jinin bai nuna palu, wato masassarar cizon sauro, ba, ya ba mu maganin ciwon kai na kwana uku. Ta yi barci yini guda, ta tashi garau, har ta nemi ɗumame.

Bayan kwana tara ya dawo, sati na gaba kuma ya zo sau biyu. In ya taso ba ta son haske, ba ta son ƙarar daka, warin man da nake toyawa kuma shi ne babban abokin gabanta. Sai ta shige ƙuryar ɗaki ta rufe fuska da zane. Na tambaye ta yadda take ji, ta ce, "Mama, kamar ana daka a cikin idona." Dole na kwashe kaskona na koma tuya gidan maƙwabciya.

Ranar wata kasuwar Tasawa na tsaya wajen wani mai tebur da ke sayar da magunguna, na yi mashi bayani. Ya zaro wata ƙwaya ja da fari ya ce, "Wannan ko manomi ya sha, tashi yake ya koma gona." Na saya. Da ciwon ya taso na ba ta guda, kafin ruwan koko ya tafasa ta zauna tana hira. Wallahi ranar har addu'a na yi wa mai teburin nan. Daga nan duk sanda ta dafe kai sai in kwance bakin zanena in ba ta. Da farko sau biyu a sati. Kafin sanyi ya wuce ta koma kullum, da zafi ya shigo kuma sai uku a rana. Ciwon ya daina zuwa yana tafiya, ya zauna. Da shi take tashi kowace safiya, mai tsananin kuma yana zuwa ya hau bisa wancan.

Maigidana, wanda zan kira Malam, manomi ne, da rani yana dillancin awaki. Bai yarda da ciwon ba. Ya ce, "Jiki ba zahi, jini ba komi, tana cin abinci. Wane irin ciwo ne wannan? Lakwal ce ba ta so." Wata safiya tana kwance ya tashe ta, ya aza ta bisa moto, wato babur, ya kai ta da kanshi. Ajinsu na zana ne, rana tana shigowa ta tsakanin karan tana faɗa wa yara a ido. Ba a yi awa biyu ba ta yi amai bisa kaye, littafin rubutun yarinyar da ke kusa da ita. Malaminsu, Mushe Lawali (Mushe muke ce wa malamin lakwal), shi ya dawo da ita gida. Ya ce wa Malam, "Na daɗe ina koyar da yara, na san mai ƙarya. Wannan ba ƙarya take ba." Amma na san Malam bai sauka daga ra'ayinshi ba. Yara kuma suka sa mata suna Mai Amai. Daga ranar ba ta sake taka lakwal ba.

Shawara kuwa mun sha ta. Surukata, Inna Delu, wadda muke zaune gida ɗaya, ta ce iska ce, aka yi hayaƙi, hayaƙin ya ƙara tayar mata da amai. Aka karɓo rubutu ta sha, wannan bai cutar da ita ba, mu ma ya kwantar mana da hankali. Wata ta ce lalle da tsamiya a kai, muka shafa. Uwata da ke Mairairai, can ƙasar Mayahi, ta aiko in kai mata yarinyar. Da muka je ta kira wanzami, ya duba ya ce mugun jini ne ya taru, sai an tsaga. Ni na riƙe kanta bisa cinyata, ya yi mata tsaga uku-uku a gefen kowane ido. Ba ta yi kuka ba, ni take kallo har aka gama. Kwana biyu muka ce an dace, ranar na uku ciwon ya dawo yadda yake, ga tabo ya zauna mata a fuska.

Sau uku muna zuwa asibiti a Tasawa. Mu fito da sassafe, mu tarar da layi ya kai bakin ƙofa, ita kwance bisa cinyata cikin hayaniya, sai azahar a kira mu. An sake gwada jini, an duba ido, an auna tansiyo ko akwai hawan jini, duka lafiya. Duk zuwan nan ban taɓa ambatar ƙwayar mai tebur ba. Ban ɗauke ta magani da za a faɗa wa likita ba, kamar goro take a bakin zanena. A zuwa na uku aka rubuta mana takarda zuwa Maraɗi, a ɗauki hoton cikin kanta da na'urar da suke ce ma sikane, don a tabbatar ba ƙari ba ne. Kalmar ƙari ita ta girgiza Malam. Ya sayar da awaki biyu, ni na sayar da gyaɗar da na aje ta sana'a, muka tafi a farkon damina.

Wajen yayana Habu, direban mota, muka sauka. Kwana huɗu muka yi kafin layi ya zo kanmu, wasu biyu kafin hoton ya fito. Lokacin Shamsiya ta yi wata huɗu kusan kullum a kwance cikin ɗaki. Ta rame, wuyanta ya sandare, tafiya daga ƙofar asibiti zuwa benci sai ta dafa ni.

Likitar yara ce ta gan mu, mace, ba ta kai ni shekaru ba. Ta ɗaga hoton ta ce ba ƙari, ba komi. Malam ya juyo ya dube ni ya ce, "Kin ji ko? Ba ta da komi."

Likitar ta ce, "Malam, hoto ƙari yake nema, bai gani ba, mu gode Allah. Amma ciwo ba ya hita a hoto. Yarinyar nan tana ciwo." Sai ta jawo kujera kusa da Shamsiya ta yi ta tambayar ta, ita kanta ba mu ba: ta ina yake farawa, mi take gani kafin ya zo, ƙarfe nawa take barci. Can ta juyo gare ni. "In ya taso mi kike ba ta?"

Na kwance bakin zane na miƙa mata.

"Nawa a rana?"

"Uku. Wata rana huɗu."

"Tun yaushe?"

"Wata bakwai ke nan."

Ta aje bik ɗin da take rubutu da shi bisa tebur. Ba ta yi mani faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mani sauƙi. Ta ce ciwon na farko sunanshi migiren, yana zuwa yana tafiya, yara ma suna yin shi. "Amma wannan na kullum, ƙwayar nan ce ta kawo shi. Kan ya saba da ita. Da ta sake shi sai ya yi ciwo, ku ƙara mashi, gobe ya sake nema. Sai an daina gaba ɗaya. Kuma in faɗa maku gaskiya, sati biyun farko za su fi duk abin da kuka gani muni."

Na ce, "Likita, ke nan ni na yi mata?"

Ta ce, "Ke kin ba ta abin da kika samu. Yanzu kuma ke za ki hana ta."

Ta rubuta wani magani da za ta riƙa sha kullum don rage zuwan ciwon, da wani na ranar da ya yi tsanani, shi kuma kada ya wuce sau biyu a sati. Sannan ta tura mu wajen wani ma'aikaci da suke kira kine, mai gyaran jiki ta hanyar motsa gaɓoɓi. Ya ce Shamsiya ta waiga ta dubi kafaɗarta, ta kasa. Ya ce ta tsuguna ta miƙe, sai da ta kama bango. Ya koya mana yadda za ta riƙa juya wuya a hankali, da ɗaga kafaɗa, da jan numfashi. Ya ba ta takarda mai gida-gida, kowace rana gida ɗaya, ta riƙa sa alama: ba ciwo, ciwo kaɗan, ciwo mai kwantarwa. Ya ce, "Kada ku jira ta warke sannan ta fita. Kwanciyar nan ta cinye mata ƙarfi. Kullum ta taka, ko da zuwa ƙofar gida ne, ko da kan yana ciwo."

Muka dawo Kona muka fara. Abin da likita ta faɗa bai kai rabin abin da muka gani ba. Rana ta biyu ta fara rawar jiki da amai. Rana ta uku tana birgima bisa tabarma tana buga kai da hannu. Ta kama ƙafata ta ce, "Mama, guda ɗaya. Don Allah rabi ma." Na ce a'a. Ta ce, "Ba ki sona. Da kina sona da kin ba ni." Na fita na tsaya bayan rumbu na yi kukana, na wanke fuska na dawo da tsumma mai sanyi.

Rana ta shida da hantsi na dawo daga ɗiban ruwa na tarar da ita zaune tana shan fura, fuska a sake. Na yi hamdala, na ce an wuce wurin. Washegari ina sharar ɗakin Inna Delu tsintsiya ta jawo takardar ƙwayar nan daga ƙarƙashin gado, an ɓalle biyu. Ban taɓa ɗaga murya ga surukata ba sai ranar. Ta ce, "Ni ba zan zauna jikata tana kururuwa ina da abin ba ta ba. Ku masu zuciyar dutse ku yi ta bin likita." Ita ma kuka take. Abin da ta yi shi na yi wata bakwai.

Da Malam ya dawo daga gona na faɗa mashi. Ya shiga wajen uwarshi, sun daɗe suna magana a hankali, ya fito da sauran ƙwayoyin ya zuba a masai. Muka koma ƙirga daga ɗaya. Ranar kasuwa ta zo, dole in kai mai, sai ya bar noma ya zauna da ita, karo na farko da ya yini a ɗakin jinyar. Da na dawo da la'asar na tarar da shi zaune bisa turmi a tsakar gida, rigarshi duk amai. Ya ce, "Rabi, haka take yi kullum?" Na ce haka. Ya ce, "Na zalunci yarinyar nan." Bai iya faɗa mata da baki ba, ba halinshi ba ne. Amma daga ranar shi ke riƙe hannunta wajen tafiyar da kine ya ce.

Sai a sati na uku ta samu safiya ɗaya da ta tashi ba ciwo. Ta zauna tana taɓa kanta kamar ba nata ba. Tafiya ta fara daga ƙofar gida, sai bakin pompon ruwa, sai masallacin unguwa, kullum da safe kafin rana ta yi zafi, da malfar ubanta a kai. Akwai ranakun da ta ƙi, ta ce mu ƙyale ta ta mutu. Akwai satin da muka koma baya gaba ɗaya, kwana biyar a jere tana kwance. Kafin gero ya fitar da kai ta taka har gonarmu ta dawo da ƙafarta. Inna Delu, wadda ta yi kwanaki ba ta yi mani magana, ita ta koma mai tuna mata juya wuya bayan sallar asuba, har tana yi tare da ita, wai nata wuyan ma ya gode.

Da aka koma lakwal Mushe Lawali ya zo gida da kanshi. Shamsiya ta ce ba za ta koma ba, sa'o'inta sun wuce zuwa kolej, makarantar gaba, ƙannenta za ta zauna da su, ga sunan da aka sa mata. Ya ce ta zo awa ɗaya kawai da safe, duk wanda ya kira ta da wani suna kuma shi da shi ne. Ya sa ta a inda rana ba ta faɗowa, ya yarda ta shiga da gorar ruwa, ya roƙi direkta aka aje tabarma a biro, wato ofishinshi, don in ta fara ganin walƙiya a ido, wadda ita ce alamar zuwan ciwon, ta je ta kwanta. Awa ɗaya ta zama biyu, kafin tsakiyar shekara tana yin safiya cikakkiya. Allah Ya saka wa bawan nan nashi da alheri, shi da likitar nan, da Yaya Habu da matarshi da suka ɗauke mu kamar ba nauyi.

Amma ina da ƙorafi. Kine ya ce mu riƙa dawowa duk sati biyu. Sau huɗu kawai muka iya zuwa a shekara guda, don Maraɗi ba nan kusa ba ce, kuma zaman mota da warin isansi, man mota, kaɗai kan tayar mata da ciwon. Ban san wani mai irin aikinshi kusa da mu ba. Maganin kullum wani lokaci sai a neme shi a farmasi a rasa, sai Yaya Habu ya aiko. Mai tebur kuwa yana nan inda yake, ƙwayarshi ba ta taɓa yankewa. Duk uwar da ɗanta ke yawan ciwon kai, ina roƙon ki, ki ƙirga abin da kike ba shi, ki kuma faɗa wa likita ko bai tambaya ba. Kada a tsaga yaro. In ya ce kanshi na ciwo, a yarda da shi.

Yanzu ciwon yana zuwa mata sau uku ko huɗu a wata. In ya zo, ranar ta tafi. Likita ta ce mai yiwuwa ya ragu in ta girma, mai yiwuwa kuma ta zauna da shi.

Da ƙarshen shekara ta zauna jarrabawar fita aji shida. Na raka ta, na zauna ƙarƙashin wani itacen bedi a wajen shingen lakwal tare da wasu iyaye. Na safe ya wuce lafiya. Da aka fito hutun tsakar rana na hango ta tana tahowa a hankali, idon hagu a kanne, na san ya zo. Na ba ta maganin da likita ta yarda da shi, ba a jima ba ta amayar da shi. Na shimfiɗa mata zanena, na jiƙa ɗankwali na aza mata a goshi. Na ce, "Shamsiya, mu tahi gida. Ba dole."

Ta ce, "Saura lissahi."

Da aka buga ƙarfe ta miƙe, ta kuskure baki, ta shiga. Ina zaune ina kallon ƙofar ajin, ina jiran a fito da ita. Ba a fito da ita ba. Ita ce ta ƙarshen fitowa, ta iso inda nake ta zube, sai a amalanke muka kai ta gida.

Ranar da sakamako ya fito muna tsakar gida ni da ita muna ɓarar gyaɗa, Mushe Lawali ya yi sallama, Malam ya shigo da shi. Tun daga yadda ya zauna na gane. Ya ce sunanta bai fito ba, lissafi ne ya ja ta ƙasa, da kaɗan. Ya ce zai je ya roƙa a bar ta ta sake ajin, amma ta riga ta maimaita sau ɗaya, ga shekaru, bai san abin da za a ce mashi ba. Har yau da nake rubutun nan amsa ba ta zo ba.

Malam ya sunkuyar da kai. Ni na kasa duban ta. Ita kuwa hannunta bai tsaya da ɓarar gyaɗar ba. Can ta ce, "Mushe, takardar lissahin, wanda ya gyara zai ga na rubuta har ƙasa?"

Ya ce, "Zai gani."

Ta ce, "To." Ta watsa ɓawon da ke hannunta cikin kwando. Sai da ya tafi, Malam ya fita raka shi, sannan ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Mama, tambaya biyun ƙarshe ban ga lambobin sosai ba. Da ido ɗaya na yi su. Amma ban tashi ba sai da aka ce a aje bik."